Yadda zaka fara tara ƙananan motocin ƙarfe na Volkswagen Beetle

In kana son shiga harkar nan shawarata ɗaya ce, ka tsaya kan mota guda da siza guda, kar ka ce duk wadda ka gani sai ka saya, kuɗinka zai ƙare kuma ka tashi da tarkace kawai. Ni Beetle nake ba mutane shawara, motar nan mai inji a baya da ba ta shan ruwan lagireto, wadda iyayenmu suka hau sosai tunda har haɗa ta aka yi a Legas daga 1975. An ƙera sama da miliyan 21 kafin a tsaya a Meziko a 2003, shi yasa kusan duk kamfanin kayan wasa ya yi tata.

Siza dai lamba ce zaka gani kamar 1:64 ko 1:43 ko 1:18, wato sau nawa motar gaske ta ninka ƙaramar a tsayi. Ta 1:64 ita ce 'yar mitsitsiya irin ta Hot Wheels da Matchbox, ga araha ga sauƙin samu. Ta 1:18 babba ce, ta wuce santimita 20, ƙofofi na buɗewa, Maisto da Bburago suna yi da yawa amma fa tana cin waje. Ni na fi son 1:43 gaskiya, don tana nuna komai kuma shelf ɗaya zai ɗauki da yawa.

To abin da ya fi komai, ka koyi juya mota ka karanta ƙarƙashinta. A nan ake buga sunan kamfani da ƙasar da aka yi ta, tsohuwar Matchbox zaka ga an rubuta Lesney, wato kamfanin da ya yi ta, da Ingila, Dinky ta kamfanin Meccano ce, ita ma akwai ta Ingila akwai ta Faransa. Amma ka kula, shekarar da ke jikin Hot Wheels yawanci shekarar da aka yi rajistar samfurin ce ba ranar da aka ƙera wadda ke hannunka ba, mutane da yawa suna ganin 1967 ko 1968 su ɗauka sun tsinci dami a kala alhali an ci gaba da buga samfurin shekaru bayan nan. Sannan ka duba gilashin baya, mai rabe biyu Beetle ce ta kafin 1953, mai siffar ƙwai daga 1953 zuwa 1957, bayan nan aka faɗaɗa shi. Da wannan kaɗai zaka iya jera su bisa zamani kuma wallahi abin na da kyau a ido.

Wajen samu ka riƙa leƙa 'yan gwanjo masu buɗe dilar kayan wasan yara, sai kuma eBay in kana da wanda zai turo maka. In ka ga ƙananan tsagu a jikin ƙarfen ko ya kumbura ka bar ta, cutar tsohon zinki ce kuma ba ta da magani.

Don Allah kar ka sake mata fenti ko da ya ɗan kankare, darajarta faɗuwa take. Kwalinta ma kar ka yar. Ka sa su a kabad mai gilashi nesa da rana saboda kala na koɗewa, lokacin hunturu ka riƙa kaɗe ƙura da burushi mai laushi, da damina kuma ka jefa 'yan ƙunshin silika ɗin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi su tsotse danshi.