Haɗa cakulan a gida: wane iri, me za a cusa a ciki, wane ƙamshi ya dace

Dabino zaƙi ne, farin cakulan ma zaƙi ne zalla. Idan aka tsoma wannan a cikin wancan, baƙuwa za ta ci ɗaya ta nemi ruwa, sauran su kwana a faranti. Yawancin cakulan ɗin da ake haɗawa a gida don Sallah ko biki a nan yake faɗuwa: ba a auna zaƙin ɓawon da zaƙin abin da ke ciki. Kowa da abin da bakinsa yake so, amma akwai ƙa'ida ɗaya da ba ta barin kowa, wato idan cikin ya yi zaƙi sai ɓawon ya zo da ɗaci, idan cikin yana da tsami ko gishiri sai ɓawon ya zo da zaƙi.

Uwargida, fara da karanta bayan fakiti. Lambar da ake rubutawa a kan baƙin cakulan, 55% ko 70%, tana nuna yawan abin da ya fito daga ƙwayar koko ne, garinsa da mansa a haɗe. Kusan duk abin da ya rage sukari ne. Ke nan giram 100 na mai 70% yana ɗauke da sukari wajen giram 30, shi kuwa mai madara yakan kai giram 50 ko ya wuce. Mai 70% zuwa sama yana da ɗaci da ɗan bauri, kuma mutanenmu da suka saba da alawar madara da gullisuwa ba kasafai suke karɓarsa a karon farko ba. Mu dai mun fi ba da shawarar mai 55% zuwa 60% ga wadda za ta rarraba wa dangi, don yana da ɗacin da zai tare zaƙin dabino ba tare da yara sun tofar ba. Mai madara shi ne na kowa da kowa. Fari kuwa babu garin koko a cikinsa ko kaɗan, man koko ne da madara da sukari, shi ya sa ba ya iya tsayuwa shi kaɗai sai an ba shi abin tsami.

Akwai wani rabe-raben da ya fi launi muhimmanci a Zariya, shi ne irin man da aka yi cakulan ɗin da shi. Na ainihi da man koko ake yi, man da yake narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum. Shi ya sa yake narkewa a harshe tas. Shi ya sa kuma a watan Maris zuwa Mayu, lokacin da rana take kusantar digiri 40, zai zama kunu a jaka tsakanin Sabon Gari da Samaru. Ɗaya nau'in, wanda masu kayan kek suke sayarwa a dunƙule da sunan kwamfawun, an cire masa man koko an sa man kwarar manja ko makamancinsa. Ya fi araha (a 2024 farashin koko a kasuwar duniya ya taɓa haura dala 10,000 kowane tan), ya fi jure zafi, kuma narkarwa kawai ake yi a zuba. Aibinsa a baki yake: yana barin maiƙo a ganɗa, ƙamshinsa kuma bai kai ba. Idan jerin kayan haɗin ya ambaci man koko, na ainihi ne. Idan man tsirrai kawai aka ambata, kwamfawun ne komai kyan kwalinsa. Da hunturu a yi aiki da na ainihi. Da bazara, idan ba ki da ɗaki mai sanyi da wutar da za ki dogara da ita, ki ɗauki kwamfawun ki ƙarfafa abin da za ki cusa a ciki, ya fi miki asarar kuɗi.

A cakulan ɗin da ake shigowa da su daga Turai a duba da kyau, domin wasu masu ruwa-ruwa a ciki giya ce aka ɗura, wasu kuma masu taushi da jelatin aka yi su, ba a kuma faɗi daga wace dabba ba. Amma abin da ake rubutawa da Turanci cocoa liquor ba giya ba ne, markaɗaɗɗiyar ƙwayar koko ce kawai.

Narkarwa

A yayyanka cakulan ƙanana, a zuba a busasshen kwano na silba ko gilas, a ɗora a kan tukunya mai ruwan zafi wanda ba ya tafasa, kuma gindin kwanon kada ya taɓa ruwan. Ɗigon ruwa ɗaya ko tururin da ya faɗa ciki ya isa ya dunƙule shi ya koma kamar tunkuza, saboda sukarin da ke ciki yana jiƙewa ya manne da juna. Wanda ya dunƙule ba ya komawa na tsomawa, sai dai a ƙara masa madara mai zafi a mayar da shi abin cusawa.

Na ainihi yana buƙatar daidaita zafi, in ba haka ba zai bushe ba ƙyalli, da zane-zanen fari, yana lanƙwasa maimakon ya karye ƙas. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba giram 300 gida uku. A narkar da giram 200 har ya kai digiri 45 zuwa 50, a sauke, a riƙa barbaɗa ragowar giram 100 ana juyawa ba tsayawa har zafin ya sauko: 31 zuwa 32 ga baƙi, 29 zuwa 30 ga mai madara, 28 zuwa 29 ga fari. Mai madara da fari kada su wuce 45 tun wajen narkarwa, madarar cikinsu tana saurin ƙonewa ta yi gudaji. Ma'aunin zafi na girki ya cancanci kuɗinsa a nan. Don gwaji, a tsoma bakin wuƙa a ajiye; idan ya daskare da sheƙi cikin minti uku zuwa biyar, ya yi. Wannan gwajin yana aiki ne idan ɗakin yana wajen digiri 20, abin da za ki samu kyauta da sassafe a Disamba da Janairu. Iskar hunturu busasshiya ce, cakulan yana sonta, ƙurar kawai za a rufe wa taga.

Abin cusawa

Dabino shi ne mafi sauƙi kuma, a ganinmu, mafi dacewa da baƙin cakulan. A zaɓi mai laushi amma ba mai naso ba. A tsaga shi ta gefe, a cire ƙwallon, a leƙa ciki sosai don ƙwari suna ɓuya a nan. Kada a wanke a tsoma nan take. A goge da tsumma mai ɗan danshi a bar shi ya sha iska yini guda. A sa soyayyen kashu ko gyaɗa biyu a gurbin ƙwallon, a matse bakin, a tsoma da cokali mai yatsu, a bubbuga a gefen kwano rarar ta zube, a jera a kan takardar gashi. Giram 300 na cakulan zai rufe dabino matsakaita wajen 30. Busasshen dabinon nan mai tauri da ake kawowa daga Nijar ba ya tsomuwa haka, haƙori zai fasa ɓawon ya tarar da dutse. Shi sai a turara shi minti goma, a daka, a mulmula, a bari ya bushe kafin a rufe.

Gyaɗa ita ce abokiyar cakulan mai madara. A tsince ta tukuna, a zubar da duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta motse ko ta yi fumfuna, domin irin waɗannan ne suke ɗauke da gubar afulatoksin, kuma suya ba ta kashe ta. A soya har ta yi ja kaɗan, a murje ɓawon, a markaɗa ba ruwa. Ga giram 100 na markaɗen a zuba giram 50 na narkakken cakulan mai madara, cokali biyu na garin sukari mai laushi, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Gishirin nan kada a raina shi, shi ne yake fito da ɗanɗanon gyaɗar ya hana zaƙin gundura. Wadda take son ƙaras-ƙaras ta daka ƙuli-ƙuli mara yaji sama-sama ta zuba cokali biyu. Da yake babu ruwa a wannan haɗin, yana iya wata guda a wuri mai sanyi kafin man ya fara canja wari. Riɗi ma haka ake yi masa, sai dai yana da ɗan ɗaci, don haka a rage shi zuwa giram 70. Kwakwa kuwa sai an kankare an busar da ita a wuta marar ƙarfi. Ɗanya tana tsami a cikin ɓawo kafin kwana uku. Aya a soya, a niƙa, a tankaɗe sau biyu, in ba haka ba dusarta za ta tsaya a maƙogwaro.

Haɗin taushin nan da yake narkewa a tsakiyar cakulan na kanti, cakulan ne da kirim. Inda kirim ya yi wuya, madarar ruwa ta gwangwani tana yi idan aka ƙara mata bota: giram 200 na baƙin cakulan, mililita 80 na madara, giram 20 na bota. A ɗumama madarar har ta fara ƙananan kumfa a gefe, a juye a kan yankakken cakulan, a bari minti biyu, sannan a juya daga tsakiya a hankali, bota ta shiga a ƙarshe. Ga mai madara ko fari a rage madarar zuwa mililita 60, don sun fi laushi. Idan kika ga mai ya taso sama haɗin ya tsinke, zafi ne ya yi yawa. Cokali ɗaya na madara mai ɗumi da juyawa da sauri zai haɗe shi. Wannan yana da ruwa, saboda haka kwanansa bai wuce mako guda a firji ba. Kada a yi shi don kayan da za su yi doguwar tafiya.

Ƙamshi

Citta ce ta farko, kuma muna zaune kusa da inda ake nomanta, Kaciya da Kafanchan a kudancin jihar Kaduna. Rabin ƙaramin cokali na garin busasshiyar citta, tankaɗaɗɗe, ya ishi giram 200 na baƙin cakulan. Ɗanyar citta ruwa ce, ba ta shiga narkakken cakulan. A dafa yankanta a cikin madarar haɗin taushi a tace. Kanumfari yana da danniya: ƙwaya uku a jiƙa a madara mai zafi minti goma a cire, fiye da haka zai kashe harshe a daina jin koko. Kirfa tana tafiya da mai madara da gyaɗa. Kofi na gari rabin cokali yana ƙara wa baƙi zurfi. Barkono ɗan kan wuƙa yana da masoyansa, amma a ware nasa faranti a faɗa wa mutane. Kimba da masoro mun fi son a bar su a kunu, suna rinjayar cakulan.

Farin cakulan a nan yake samun ranarsa. Cokali ɗaya na farin garin 'ya'yan kuka a giram 200 yana ba shi tsami mai daɗi ba tare da ruwa ba. Busasshen zoɓo da aka niƙa aka tankaɗe yana ba da tsami da launin ja lokaci guda. Tsamiya sai an dafa ruwanta da sukari ya yi kauri har cokali ya tsaya, ya huce, a ɗiga kaɗan a tsakiya. Idan aka haɗa ta da madara kai tsaye za ta tsinke. Ɓawon lemon zaƙi a kankare saman kawai, farin da ke ƙasa ɗaci ne. Filebo na kwalba da ake sa wa kek yawancinsu na ruwa ne, wasu har da sinadarin barasa, kuma suna dunƙule cakulan. Sai dai wanda aka yi da mai, ɗigo biyu ko uku. Ƙamshi biyu sun isa a haɗi ɗaya, kuma a ɗanɗana bayan kwana guda kafin a yanke hukunci, don citta da kanumfari suna ƙara ƙarfi idan sun kwana.

Wajen ajiya cakulan ya fi son digiri 15 zuwa 18, abin da ɗakunanmu ba su da shi mafi yawan shekara. A sa a roba mai murfi mai kamawa, a ajiye a ƙasan firji nesa da daddawa, kifi da albasa, don mansa yana zuƙe wari. Idan za a fitar, a bar robar a rufe awa ɗaya ta huce daga sanyin kafin a buɗe, musamman da damina. In an buɗe da wuri raɓa za ta sauka a kai, ta narkar da sukarin saman, ya bushe ya bar fari mai gautsi. Farin da yake da santsi kuwa man koko ne ya taso, sakamakon ɗauke wuta da dawo da ita, ya yi laushi ya sake daskarewa. Duka biyun ana ci ba matsala, kyan gani ne ya tafi. Wanda man ya taso masa, idan babu komai a cikinsa, a sake narkar da shi a daidaita zafin zai dawo da sheƙinsa. Wanda raɓa ta taɓa kuwa a ajiye shi don haɗin taushi ko kek.