Kurakuran da 'yan ƙwallo ke yi a kan na'urar girgiza jiki

Na'urar girgiza jiki faranti ce da ɗan wasa ke hawa ya tsaya, ita kuma tana karkarwa kamar sau 25 zuwa 50 a daƙiƙa guda, motsin da bai wuce 'yan milimita ba. Wata takan ɗaga ƙafafu biyu lokaci guda, irin su Power Plate, wata kuma takan ɗaga dama ta sauke hagu, irin su Galileo ta Jamus. Wannan karkarwa tana tsokanar jijiyoyin da ke cikin tsoka, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take, sai tsokar ta riƙa ɗaurewa tana saki ba tare da mutum ya yi niyya ba. Amfaninta ga daidaiton jiki daga nan ya taso, kuma a nan ne ake yawan ɓata aikin.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne hawa da gwiwa a miƙe. Idan ƙafa ta sandare, girgizar ba ta tsayawa a cinya da sha-raɓa, sai ta bi ƙashi ta haura ƙugu da gadon baya har kai. Shi ya sa wani zai sauko yana jiri, haƙora na kaɗawa, ya ɗauka alamar aiki ce. A lanƙwasa gwiwa kamar mai shirin zama a kujera, a ɗan mayar da nauyi kan gaban tafin ƙafa. Muddin kai na jin karkarwa, tsayuwar ba ta yi ba.

Sai kuma tsayawa da ƙafa biyu har a gama. A fili, yaushe ɗan ƙwallo yake kan ƙafa biyu? Bugu a kan ƙafa ɗaya ake yi, yanka a kan ƙafa ɗaya, dirowa daga tsallen kai sau da yawa a kan ƙafa ɗaya, kuma a nan idon sawu ke juyawa a samu targaɗe. Saboda haka ƙafa biyu matakin farko ne kawai, na sati ɗaya ko biyu. Daga nan a koma ƙafa ɗaya, ana dafa hannun na'urar, sannan a saki, sannan abokin atisaye ya riƙa jefo ƙwallo ana mayar masa da hannu ko da ɗaya ƙafar. Wani binciken Jami'ar Wolverhampton ta Ingila da aka wallafa a 2013 ya ɗauki 'yan ƙwallon da idon sawunsu ya saba gocewa, aka haɗa musu girgiza da tsayuwa kan faranti mai tangaɗi tsawon sati 6, daidaitonsu ya inganta. A lura: sati 6, kuma a kan abin da ke tilasta wa ƙafa neman wurin zama. Wanda ya hau sau ɗaya ranar wasa kada ya sa ran irin wannan.

Wasu kuma gani suke ƙara ƙarfi da daɗewa su ne ƙwazo. Daƙiƙa 30 zuwa 60 ake yi, a sauka a huta kamar haka, a maimaita 'yan lokuta, sau biyu ko uku a sati. Tsokar da ta gaji ba ta riƙe gaɓa. Girgiza ta sa'o'i kuwa mun san illarta a bayan direbobin manyan motoci.

Takalmi mai katifa a ƙasa yana shanye girgizar. Mai siririn tafi ya fi.

Akwai wanda bai kamata ya hau ba sam: mai sabon targaɗe da ƙafa ke kumbure, mai karayar da ba ta gama haɗewa ba, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ko aka sa masa ƙarfe, mai na'urar bugun zuciya, mai farfaɗiya, mai gudan jini a jijiyar ƙafa, da 'yar wasa mai juna biyu. Yaro yana ɗokin komawa fili zai ce ya warke. Koci ya jira maganar likitan gashin ƙashi.

Babbar asara kuwa ita ce a sami na'ura a yi watsi da ɗumama jiki. Tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ minti 20 ne, ba ya bukatar lantarki, kuma a cikinsa akwai tsayuwa kan ƙafa ɗaya da tsalle da koyon dirowa. Da aka gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, binciken da ya fito a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100. Na'urar ƙari ce a kansa.

A ƙarshe a riƙa aunawa. A manna layuka uku a ƙasa kamar harafin Y, ɗan wasa ya tsaya da ƙafa ɗaya a mahaɗarsu, ya miƙa ɗayar iyakar iyawarsa a kan kowane layi ba tare da ya taka ba. A rubuta santimitan dama da na hagu, a sake bayan sati 6. Ƙafar da ta gaza 'yar'uwarta ita za a ƙara wa aiki.