Yadda zaka hana manhajarka mutuwa idan Optional ya zo wayam

Wani ƙanena a Ƙofar Ƙaura ya haɗa ma wani Alhaji mai shagon atamfa ƴar manhajar rubuta masu cin bashi da yaren Java, komai lafiya lau har ranar da aka shigar da wata hajiya da bata bada lambar waya ba, ana danna sunanta manhaja ta mutu, sai jan rubutu NoSuchElementException. Wai shi kwamfuta ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau, get() ya kira akan Optional da ba komai cikinshi.

Optional ya zo ne da Java 8 a 2014, ka ɗauke shi kamar kwanon samira mai murfi, ƙila da tuwo ƙila wayam, get() kuma zura hannu ne baka ɗaga murfin ba.

Da farko karanta jan rubutun nan, kar ka rufe da sauri, nemi layin farko da ya ambaci fayil ɗinka, lambar layin da abin ya fashe na nan.

Sai ka tambayi kanka, rashin abin nan ba komai bane ko kuwa matsala ce? Nan duk aikin yake. Lambar hajiya ba dole bace, saka orElse("babu lamba") ka wuce, in kuma saƙon tunin bashi zaka tura to ifPresent, mai lamba ya samu mara lamba a tsallake shi. Amma kula, abinda ka saka cikin orElse sai ya gudana ko da kwanon a cike yake, don haka in samo madadin nada nauyi, kamar sai an sake leƙa ma'ajiyar bayanai, orElseGet zaka ɗauka.

In kuma kuɗin bashin ne ya zo wayam, wallahi kar ka cike da sifili, ka yafe ma mutane bashin Alhaji kenan baka sani ba. Yi amfani da orElseThrow ka rubuta saƙo mai ma'ana, wane mutum, wane rasit. Masu nannaɗe komai da try da catch, wato tarkon kama kuskure, su bar cikin catch fanko, ni dai bana tare dasu.

Duba inda ake ƙirƙirar Optional ɗin ma, Optional.of baya karɓar null, wato babu komai, ofNullable ke karɓa.

Kafin ka kai ma Alhaji, shigar da mutum ɗaya mara lamba da gangan ka danna sunanshi ka gani.