Idan marubuta suka ajiye alƙalami: yadda ma'aikacin bayan kyamara zai tsallake yajin aiki a Amurka

Yajin aikin da ƙungiyar marubutan fina-finai da talabijin ta Amurka, WGA, ta yi a 2023 ya fara ranar 2 ga Mayu ya ƙare ranar 27 ga Satumba, kwana 148 ke nan. Wanda ya gabace shi, daga 5 ga Nuwamba 2007 zuwa 12 ga Fabrairu 2008, kwana 100 ya yi. To amma idan kai mai haɗa fitilu ne, ko mai kwalliya, ko kafintan da ke gina ɗakin wasa, ko direban motar kaya, kada ka yi lissafinka da waɗannan alƙaluma. Zamanka babu aiki yana farawa kafin ranar da aka sanar, kuma yana daɗewa bayan an sa hannu a sulhu. Ba kai ka kaɗa ƙuri'ar yajin ba, amma tukunyarka ce ke fara hucewa.

Ranar ba ɓoyayya ba ce

Yarjejeniyar marubuta da AMPTP, gamayyar kamfanonin shirya fim, ta 2020 ta ƙare ne ranar 1 ga Mayu 2023, kuma kowa ya san ranar tun shekara uku kafin nan. Nemi ranar ƙarewar wadda ake kai, ka ƙirga wata shida baya, daga nan shirinka zai fara. Alamun da za ka sa wa ido guda biyu ne. Na farko, kamfanoni su daina amincewa da sababbin shirye-shirye, don ba wanda ke son ya gina fagen wasa na miliyoyin dala sannan aiki ya tsaya a tsakiya. Na biyu, ƙuri'ar ba shugabanni izinin kiran yaji. A watan Afrilu 2023 kusan kashi 98 cikin 100 na masu ƙuri'a suka ce e. In ka ga haka, duk aikin da ya zo ka karɓa, ko na kwana biyu ne.

Wa ke fara zama

Shirye-shiryen barkwancin dare su ne ke mutuwa a ranar farko, domin abin da za a faɗa da dare a ranar ake rubuta shi. A 2023 na Jimmy Fallon da Stephen Colbert da Jimmy Kimmel duk sun koma maimaita tsofaffi nan take. Sai masu aikin share fage: masu neman wurin ɗauka, masu zana ɗakuna, kafintoci da masu fenti. Wasan da rubutunsa ya kammala yana iya ci gaba na 'yan makonni, sai dai a talabijin rubutu ba ya taɓa ƙarewa da gaske. Ruwan sama ya hana ɗauka a waje, ko ɗan wasa ya kwanta rashin lafiya, dole a gyara shafi, kuma mai gyaran yana bakin ƙofa riƙe da allon zanga-zanga. Editoci da masu tace sauti su ne ƙarshen zama, saboda suna cin abin da aka riga aka ɗauka. Kada su yi murna, su ne kuma ƙarshen komawa.

Ƙirga awoyinka kafin ka ƙirga kuɗinka

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Yawancin 'yan ƙungiyar ma'aikatan bayan kyamara, IATSE, da direbobin ƙungiyar Teamsters na Holiwud suna samun inshorar lafiya ne daga asusun lafiya da fansho na masana'antar fim, MPI, kuma da awoyin aiki ake sayen ta. Sabon shiga yana buƙatar awa 600. Bayan haka, sai ka yi awa 400 a kowane zangon wata shida kafin a sabunta maka. Abin da ya haura 400 ana ajiye maka shi, har iyakar awa 450.

Ɗauki misali. Kana da 450 a ajiya, ka yi awa 150 kafin aiki ya tsaya. Za a ciro 250 a cika maka, saura 200. Zango na gaba, in ba ka yi ko awa ɗaya ba, 200 ɗin nan ba za ta kai ka ba. Wato ajiyar da ta cika maƙil zango ɗaya kacal take ɗaukar mutum. A wannan sana'a da ake yin awa 12 a rana, awa 400 kwanan aiki 34 ne, kusan mako bakwai, don haka gajeren aikin da kake rainawa a watan Maris shi ne zai iya biya maka asibiti a Disamba.

Shiga shafinka na asusun ka rubuta abu uku: ranar da zangonka ke rufewa, awoyin da aka shigar, da abin da ke ajiya. Gwada su da takardun albashinka, domin rahoton kamfanin biyan albashi yakan makara, wani lokaci ma a tsallake mako. In kana wata jiha da ke ƙarƙashin wani asusun dabam, ƙa'idar ta bambanta, tambayi reshen ƙungiyarka. A 2023 asusun MPI ya yi wa wasu sassauci, amma hukunci ne na wancan lokaci, kada ka gina shirinka a kai.

Idan inshorar ta yanke, kana da kwana 60 ka zaɓi tsarin COBRA, wanda zai riƙe maka ita har wata 18, sai dai kai za ka biya kuɗin gaba ɗaya. Kafin ka sa hannu, duba kasuwar inshora ta jiha, irin su Covered California, wadda ita ma ke buɗe maka ƙofa na kwana 60. Mai ƙaramin kuɗin shiga a shekarar yakan sami rangwame a can.

A bakin ƙofar sutudiyo

Yarjejeniyar IATSE ta hana ƙungiyar shiga yajin wasu muddin tata ba ta ƙare ba, amma kowane ma'aikaci yana iya ƙin ratsa layin masu yaji da ra'ayin kansa. Direbobin Teamsters sun shahara da wannan: marubuta biyu da alluna da asuba sun isa motar janareta ta juya, kuma in babu wuta babu ɗauka. Kafin ka yanke shawara, kira wakilin reshenka. Dalili shi ne, a Kalifoniya wanda kamfani ya sallama don an rufe aiki yana da haƙƙin tallafin rashin aiki, amma wanda ya bar aiki da kansa saboda rikicin ƙwadago ana iya hana shi. In an ce kowa ya koma gida, nemi a aiko maka a rubuce, ka ajiye saƙon tare da takardar kiran aiki ta ranar.

Tallafin rashin aiki

Cike takarda a makon da aikin ya tsaya, domin daga lokacin ake fara lissafi, kuma a Kalifoniya makon farko ba a biya. A 2023 iyakar abin da jihar ke bayarwa dala 450 ne a mako, na New York dala 504, duka na mako 26. Lura da wannan: mako 26 kwana 182 ne. Da 'yan wasa na ƙungiyar SAG-AFTRA suka shiga nasu yajin ranar 14 ga Yuli har zuwa 9 ga Nuwamba, wanda ya fara karɓa a farkon Mayu tallafinsa ya ƙare kafin a buɗe ƙofa.

Abu biyu ke jawo matsala. Kuɗin da kamfani ke biyanka na hayar kayan aikinka ba albashi ba ne, ba ya shiga lissafi. Kuma duk ranar da ka yi ɗan aiki, bayyana shi a makon da ka yi shi, ko da kuɗin bai shigo ba tukuna; ɓoyewa na jawo a ce ka mayar da kuɗi har da tara. Nemi agajin gaggawa daga gidauniyoyin taimakon ma'aikatan masana'antar, Entertainment Community Fund ko MPTF, tun kafin kuɗin hayar gida ya taru, kuma kada ka taɓa asusun ritaya sai ƙarshen ƙarshe, don yawanci akwai tarar kashi 10 cikin 100 ga wanda bai kai shekara 59 da rabi ba, ban da haraji.

Aikin da ba ya tsayawa

Tallace-tallace, wasanni kai tsaye, tarukan kamfanoni, bidiyon waƙa da yawancin shirye-shiryen da ba a rubuta wa. Tambaya ɗaya za ka yi kafin ka amsa: ana zuba awoyin a asusun lafiyata? Talla mai yarjejeniyar ƙungiya da ke biyan ƙasa kaɗan ta fi maka aikin da ba ya ƙara maka ko awa ɗaya.

Bayan sulhu

Kada ka saki aikin da ka riƙe don ka ji an sasanta. Marubuta sai sun zauna makonni kafin a sami rubutun da za a ɗauka, sannan a sake gina fage, a daidaita ranakun 'yan wasa. A 2023 hutun ƙarshen shekara ya shigo tsakani, wasanni da yawa sai Janairu 2024 suka kunna kyamara, wasu an rage musu yawan kashi, wasu an soke su ɗungurungum. Aika wa shugaban sashenka gajeren saƙo da ranar da kake a shirye, sabunta takardun horon kariya da suka ƙare, ka kuma caja baturanka ka gwada kayan aikinka tun kafin a kira ka.