Yadda nake riƙe da soron gidan gonarmu

Soron da ke gidan gonarmu, a wani ƙauye yamma da Kano, kakan mahaifina ne ya gina shi da kuɗin gyaɗa, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Babu takarda ko ɗaya. Goggo ce ta ba ni labarin, kuma daga nan za ka fara kai ma: zauna da tsofaffin gidan tun suna raye, ka tambayi wa ya gina wane ɗaki, a zamanin wane sarki, ka rubuta.

Sauran aikin duk faɗa ne da ruwa. A watan Afrilu, kafin yayyafin farko, hau saman soron ba takalmi. Ƙafa tana jin inda ya lotsa kafin ido ya gani. Zura sanda cikin kowane indararo. Bara sheƙar tsuntsu na ciro daga ɗaya, da ta kwantar da ruwa a kan rufin duk damina.

Ga yaɓe. Samo jar ƙasa irin wadda aka yi tubalin da ita, ka haɗa da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, a tattaka sosai, a rufe ta kwanaki har ta ruɓa ta yi danƙo. Yayyafa wa bango ruwa kafin ka shafa, in ba haka ba ba za ta kama ba. Daga sama sai makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Ita ke sa ruwa ya zame.

Siminti kuwa, ka yi nesa da shi. Na taɓa biye wa wani magini muka shafe bangon gabas, ya yi kyau kamar gidan birni. Ashe danshi ya maƙale a ciki. Damina biyu, sai ga shi ya ɓantale faifai guda, ya tafi da rabin tubalin.

A ciki, ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya. Ta giginya ce, gara ba ta cika cinta ba, amma wadda ta yi ƙarar holoƙo sai a tokare rufin a sauya ta.

Gindin bango a tara masa ƙasa ta gangara waje. A kuma ɗaure awaki nesa, don su suka goge mana kusurwar zaure da ƙaiƙayin jikinsu.