Yadda za ka motsa zane da takarda da waya kafin ka taɓa kwamfuta

Yaran da ke zuwa shagona a Wunti, nan Bauchi, don koyon katun, tambayarsu ta farko ba ta canjawa: "Malam, wace kwamfuta zan saya?" Ni kuwa rim ɗin takarda nake aikensu saye.

Fara da lissafi. Fim ɗin sinima hoto 24 yake nunawa a kowace daƙiƙa. Masu zanen hannu sukan ɗauki hoton kowane zane sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, 720 a minti ɗaya. Rim mai takarda 500 ko daƙiƙa 42 ba zai cika maka ba. Don haka ajiye labarin Bayajidda tukuna, nemi daƙiƙa uku.

Kayan aiki ba su da yawa. Kafinta ya haɗa maka ƙaramin akwati, gilashi a sama, fitila mai caji a ciki, don ka riƙa hango zanen ƙasa ta cikin na sama. Kafa ƙusa biyu a gefe, ka huda takardunka duka wuri ɗaya ka zura su. In takarda ta goce ko kaɗan, zanen rawa zai yi.

Sai ka zana mace tana daka. Zane biyu ne ginshiƙai: taɓarya a sama, taɓarya a cikin turmi. Su za ka fara yi, ka sa musu lamba, sannan ka cike tsakani. Ɗagawa tana da nauyi, ka ba ta zane shida ko bakwai, na ƙarshe su matsu da juna. Saukowa kuwa biyu sun isa. Je tsakar gida ka kalli yadda kafaɗa da ƙugu ke bin taɓaryar, kada hannu kaɗai ya motsa.

Nan ne bambancin hannu da kwamfuta yake. A Blender, manhajar yin katun a kwamfuta wadda kyauta ce, in ka nuna wuri biyun nan za ta cike tsakani da kanta, amma sai ta sassauta taɓaryar dab da turmi, dakan ya fito ba ƙarfi. Wanda bai taɓa ƙirga zane da hannunsa ba zai ga akwai matsala, ya rasa inda take. Ba kushe kwamfuta nake ba. Tun Toy Story na kamfanin Pixar a 1995 ta mamaye manyan finafinan katun, kuma ta fi sauƙin gyara da juya kyamara. Amma Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗan Nijar, da hannu ya motsa kwaɗin da ke cikin katun ɗinsa a 1966.

Ɗaukar hoto kuma: ɗaure waya a kan wani abu tana kallon ƙasa, kada ka riƙe ta a hannu. Rufe taga, don hasken rana yana sauyawa tsakanin hoto da hoto. Sa manhajar Stop Motion Studio a kan hoto 12 a daƙiƙa, ɗauki takardun bi da bi, ka kunna. In taɓaryar ba ta buga turmin da ƙarfi ba, zare zane ɗaya daga saukowar ka sake ɗauka.