Abin da nake ajiyewa a gefen gado saboda ɓarawon dare

Daren da na ji ana taɓa ƙofar baya da misalin ƙarfe biyu, hannuna rawa yake, ko makulli na kasa riƙewa. Mai irin wannan hannu, wuƙa ba tasa ba ce. Sai ka matsa jikin mutum kafin ta yi amfani, in ya fi ka ƙarfi ya ƙwace, kai ka miƙa masa abin da zai illata ka.

Fara da tocila mai tsananin haske, mai jikin ƙarfe. Ka dalle masa ido cikin duhu, ganinsa zai ɗauke na ɗan lokaci, kai kuma ka gane ko baƙo ne ko ɗanka ne ya fito shan ruwa. Wallahi wannan ganewar ta fi kowane makami. Sai sanda mai nauyi da ba ta wuce tsawon hannunka ba, don doguwa karo take yi da bango a lungu.

Feshin barkono yana aiki daga ɗan nesa, amma a rufaffen ɗaki kai ma zai shiga idonka. Birtaniya ta haramta shi, don haka duba dokar ƙasarku. Bindiga kuwa, in babu lasisi da horo da akwatin kulle ta daga yara, bar ta.

Wayarka ta kwana da caji kusa da tocilar. Tara iyali ɗaki ɗaya, sa sakata, kira 'yan sanda, ka ɗaga murya ya san an farka. Kada ka bi shi falo don talabijin.